Sharhi a Kan Wani Shagon Dabbobi a Birnin Kebbi da Shawararsa Game da Abincin Karen Kiwo

Shagunan da ke sayar da magungunan dabbobi a Birnin Kebbi suna da yawa, amma kusan dukkansu shanu da tumaki da kaji suka sa a gaba, wanda kuwa ya shiga neman abincin kare yawanci buhun da ya fi kusa da hannu ake miƙo masa a faɗa masa kuɗi. Shagon da zan yi sharhi a kansa ya bambanta da saura ta fuska guda mai muhimmanci, domin akwai likitan dabbobi da ke zama a ciki a wani sashe na yini, kuma ba ya yarda ya ba da shawara a kan abinci sai ya ga karen da idonsa, ya ɗora shi a kan sikeli, ya tambayi irin aikin da yake yi da kuma wanda ke ba shi abinci a gida. Wannan kaɗai ya isa in ce duk mai karen kiwo a wannan yanki ya kai nasa wurin, ko da yake akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, waɗanda zan faɗa dalla-dalla idan na zo kansu.

Karyar da ta kai ni shagon 'yar jinsin Border Collie ce, wadda wani ɗan'uwana ya samo mini daga Jos tun tana ƙarama, aikinta kuma shi ne taya makiyayina tattara tumaki, Uda da Balami, a gonar da nake da ita ta wajen hanyar Kalgo. Asalin wannan jinsi kan iyakar Ingila da Sikotlan ne, ƙasar tuddai da sanyi da yayyafi, inda aka daɗe ana zaɓen karnuka saboda iya kiwo kawai. Mafi yawan waɗanda ake da su a yau jininsu yana komawa ga wani kare mai suna Old Hemp da aka haifa a 1893 a wurin makiyayi Adam Telfer, sunan jinsin kuma James Reid ne ya fara amfani da shi a 1915, lokacin yana sakataren ƙungiyar karnukan kiwon tumaki ta ƙasa da ƙasa. Daga wannan asali matsalar abincin ta samo tushe. Kare ne mai matsakaicin jiki, nauyinsa bai cika fita daga kilo 14 zuwa 20 ba, gashinsa ninki biyu ne, an kuma raine shi don ya yini yana gudu cikin sanyi, sai ga shi a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura maki 40. Jikinsa yana ƙona abinci da sauri, zafi yana rage masa sha'awar ci, hankalinsa kuma ya fi karkata ga abin da ke motsi a fili fiye da abin da ke cikin kwano. Malamai sun bayyana halaccin ajiye kare domin kiwo ko gadin gona ko farauta, wanda ya ajiye shi kuwa ciyar da shi yadda ya kamata haƙƙi ne a wuyansa, shi ya sa ban ɗauki ramar wannan karya da wasa ba.

Halin da take ciki a lokacin shi ne, idan aka ajiye mata abinci sai ta sunsuna, ta tsinci kaɗan, ta juya ta koma bakin garke ta kwanta tana kallon tumaki. Likitan bai nufi wajen buhuna ba da ya ji wannan bayani. Ya auna ta ta zo kilo 14, ya shafa haƙarƙarinta da ƙugunta, ya ce a ma'aunin da suke amfani da shi mai mataki 9 tana kan mataki na 3, alhali abin da ake so shi ne 4 ko 5, wato a ji haƙarƙari da hannu cikin sauƙi amma kada a hango su daga nesa. Ya ƙara da cewa gashin wannan jinsi yana ɓoye rama kamar yadda yake ɓoye ƙiba, saboda haka hannu ne ke faɗin gaskiya, ba ido ba. Daga nan ya ɗaga leɓenta ya duba launin dasashi, ya duba haƙora, ya auna zafin jiki, ya bi cikin kunnuwa da tsakanin yatsu yana neman kaska, sannan ya ce da ni, "Alhaji, kafin mu ce tsirfa ce take yi, sai mun tabbatar ba ciwo ne ya hana ta ci ba."

Wannan mataki shi ne mafi daraja a duk hidimar shagon, domin a ƙasarmu yawancin karnukan da ake cewa suna zaɓen abinci ba su da lafiya ne. Cututtukan da kaska ke ɗauka suna lalata jini, alamarsu ta farko kuma ƙin abinci ce da kasala da koɗewar dasashi. Tsutsar ciki tana ramar da kare ko yana ci, karyayyen haƙori kuma yana sa ya guje wa busasshen abinci. Abin da ya ƙara mini amincewa da likitan shi ne ya san wata larura da ake gadonta a cikin wannan jinsi musamman, inda hanjin kare ke kasa tsotse bitamin B12 daga abinci, sai kwikwiyo ya taso ba ya son ci, ba ya ƙiba, kullum a gajiye. Irin wannan ba a magance ta da sauya buhu, allurar bitamin ɗin ake yi masa lokaci zuwa lokaci har tsawon rayuwarsa. Ya ce idan ba a ga sauyi ba bayan an gyara tsarin ciyarwa, zai tura ni asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a yi cikakken gwajin jini. Ba mu kai ga haka ba, domin abin da aka samu a jikinta tsutsar ciki ce kawai. Da zai ba da maganin, ya gargaɗe ni da kada a kuskura a yi mata allurar ivermectin, maganin tsutsa, daga kwalbar da ake yi wa tumaki, saboda wasu karnukan dangin Collie suna da wani naƙasu na gado da ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa. Naƙasun bai yawaita a Border Collie kamar a sauran danginsa ba, amma yana nan.

Bayan haka ne aka zo kan yawan abinci, inda na ga an yi lissafi a kan takarda maimakon a ce a cika kwano. Likitan ya ɗauki nauyin da ake so ta kai, wato kilo 16, ya nuna mini cewa kare mai wannan nauyi yana buƙatar kalori 560 a yini, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ko da a kwance ya yini. Babban kare mai zaman gida ana ninka masa wannan adadi da 1.6 zuwa 1.8, sai ya kama kimanin 900 zuwa 1,000, wanda ke aiki kuwa ana ninkawa sau 2 ko fiye, gwargwadon sa'o'in da yake yi yana gudu. Busasshen abincin kare yawanci yana ɗauke da kalori 350 zuwa 400 a kowane giram 100, saboda haka rabon tawa ya tsaya a wajen giram 300 a yini, a raba gida biyu. Ya jaddada cewa wannan adadi mafari ne kawai, kuma ba zai zauna daram duk shekara ba. Kamar yadda kowane manomi ya san abin da ake zuba wa shanun huɗa a farkon damina ba shi ake zuba musu da rani ba, haka karen da ke bin tumaki nesa a lokacin hunturu yake buƙatar ƙari, a rage masa a watannin bazara da aiki ke komawa safiya da yamma. Ya sa na sayi ƙaramin sikelin kicin, muka auna giram 150 a cikin wani kofi muka ja layi a jikinsa, domin makiyayi ya riƙa awo ba tare da wahala ba.

A wajen zaɓen buhu, shagon yana kawo Binggo wanda kamfanin Grand Cereals ke yi a Jos, da na waje irin su Pedigree da Royal Canin, da wasu ƙananan sunaye da ke zuwa su wuce. Likitan bai tura ni ga mafi tsada ba, ya koya mini karanta bayan buhu ne. Abu na farko shi ne a tabbatar an rubuta cewa abincin cikakke ne, ba na marmari ba, kuma na shekarun karen ne, domin abincin kwikwiyo dabam yake da na babba. Ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar abincin dabbobi a Amurka, AAFCO, ta sa mafi ƙarancin furotin, wato sinadarin gina jiki, ga babban kare kashi 18 cikin 100 da mai kashi 5.5, ga kwikwiyo kuma furotin kashi 22.5 da mai kashi 8.5, amma waɗannan iyakar ƙasa ce, abincin da ake yi wa karnuka masu aiki yakan kai furotin kashi 25 zuwa 30 da mai kashi 15 zuwa 20. Man yana da muhimmanci ga kare mai ƙarancin ci, saboda kowane giram na mai yana ba da ƙarfin da ya ninka na hatsi fiye da sau biyu, sai ɗan abin da ya ci ya wadatar da shi. Sai a duba jerin kayan haɗi a ga nama ko kaza ko kifi a sahun gaba, a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Game da buhunan da ake tallatawa da cewa babu hatsi a cikinsu, ya ce babu dalilin biyan ƙarin kuɗi a kansu, domin kare yana narkar da dafaffiyar shinkafa da masara, abincin da ya fi tayar wa karnuka da ƙaiƙayi ko gudawa kuma galibi daga naman shanu ko kaza ko madara yake fitowa, ba daga hatsi ba.

Tsarin da ya ba ni domin magance zaɓen abincin ba shi da wani sirri, amma yana buƙatar haƙuri da haɗin kan duk wanda ke gonar. Ana ajiye kwano sau biyu a yini, da sassafe bayan sallar Asuba da kuma bayan Magariba, lokacin da gari ya yi sanyi kuma karen ya huce daga aiki. Ana barin kwanon minti 15 zuwa 20, a ɗauke ko ta ci ko ba ta ci ba, kuma ba a ba ta komai sai lokaci na gaba, in ban da ruwa. Dalilinsa shi ne wannan jinsi yana cikin karnuka mafiya kaifin fahimta, kuma da zarar ya lura cewa ƙin cin abin da ke kwano yana jawo masa tsokar nama daga hannun wani, to ya koyi darasin ke nan, zai kuma riƙa maimaita shi. A gidan gona kuwa hannaye suna da yawa, akwai makiyayi da iyalinsa da leburori da yara masu tausayi, kowa yana jefa mata ɗan abin da ya rage, har ta zo lokacin abinci cikinta ba yunwa. Likitan ya nemi in zo da makiyayin da kansa, ya yi masa bayani cikin girmamawa, ya ce, "Malam, kai ne mai ita a gona, idan ka tsare wannan ƙa'ida kowa zai tsare." Na yaba da wannan ƙwarai, domin shawarar da ba ta isa kunnen mai riƙe da kwano ba a banza take.

Akwai ƙananan dabaru da ya ƙara waɗanda suka dace da ɗabi'ar jinsin. Ya ce a ɗauke kwanon daga inda take hango tumaki ko kaji, a kai shi wuri mai inuwa da natsuwa, domin muddin tana ganin wani abu yana motsi ba za ta sunkuyar da kai ta ci ba. Ya ce a zuba ɗan ruwan ɗumi a kan busasshen abincin a bar shi ya jiƙa kaɗan don ƙamshinsa ya tashi, ko a zuba romon nama da aka dafa ba gishiri, ba albasa, ba ɗanɗanon girki. An yarda a ƙara dafaffen ƙwai ko ɗan dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya ko cokali ɗaya na kindirmo, muddin duk ƙarin bai wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini ba, kuma a gauraya shi sosai don kada ta tsince shi ta bar saura. Dabarar da ta fi aiki a wurina ita ce a ware wani ɓangare na rabon yamma a riƙa ba ta da hannu a matsayin lada idan ta bi umarni, domin abincin da ta ƙi a kwano sai ga shi tana karɓarsa da marmari idan ta ji aiki ta yi ta samu. Ya hana a ciyar da ita dab da fita aiki ko tana dawowa tana haki, sai an bar kamar sa'a guda a tsakani. Ya kuma hana sauya buhu duk lokacin da ta yi yanga, idan kuma sauyin ya zama dole a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10, a fara da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon, a kai rabi, a kai kashi uku, kafin a bar tsohon gaba ɗaya. Iyakar haƙurin da ya gindaya ita ce, babban kare da ya cika kwana biyu bai ci komai ba, ko ya haɗa ƙin ci da amai ko gudawa ko kasala, a kai shi asibiti nan take, kwikwiyo kuwa, wanda ake ciyarwa sau uku zuwa huɗu a yini har ya kai wata shida, ba a jira ya kwana bai ci ba.

Sashen da nake ganin kowane mai kare a Kebbi yana buƙatar ji shi ne na abubuwan da ke kicin ɗinmu waɗanda guba ne ga kare. Mu mutanen jihar da Aliero take ciki ne, babu miyar da ake yi ba albasa, albasa kuwa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu ko busassu, dahuwa ba ta kashe dafin. Illar ba ta bayyana nan take, sai bayan 'yan kwanaki a ga kasala da koɗewar dasashi da fitsari mai duhu, alamun da suka yi kama da na ciwon kaska, har a yi ta maganin abin da ba shi ba ne. Ke nan ragowar tuwo da miya, da tsire da yajinsa, da kilishi, duk ba abincin kare ba ne. Goro ma yana cikin jerin, saboda yana ɗauke da sinadaran da ke cikin kofi da cakulan waɗanda ke hargitsa zuciyar kare, haka inabi da zabibi masu lalata ƙoda. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Kitsen da ake tara wa karnuka a ranakun Babbar Sallah yana iya jawo kumburin gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci, ciwo mai tsanani da kan zo da amai. Ƙuli-ƙuli da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da dafin aflatoksin mai lalata hanta, kuma kare yana cikin dabbobin da ba sa jure shi. A ƙarshen 2020 an janye wani busasshen abincin kare daga kasuwa a Amurka saboda wannan dafi, daga baya kuma rahoton mutuwar karnuka da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta samu ya haura 100.

Ya daɗe a kan batun ɗanyen kayan ciki, kuma ya cancanci a daɗe a kansa, tunda karen tumaki muke magana. Al'ada ce idan tunkiya ta mutu ko an yanka, a jefa wa kare kai da huhu da hanta ɗanyu. Wasu tsutsotsin ciki da wannan hanya suke rayuwa. Kare ya ci ɗanyen kan tunkiya mai ɗauke da 'ya'yan tsutsa, su girma a hanjinsa, ƙwayayensu su fita da kashinsa a kan ciyawa, tumaki su ci, su haura ƙwaƙwalwa, sai a ga tunkiya ta karkatar da kai tana zagaye wuri guda har ta mutu. Wata irin kuma jakunkunan ruwa take yi a hanta da huhu, kuma ba tumaki kaɗai take kamawa ba, har da mutane, musamman yaran da ke wasa inda kare ke kashi. Maganin abin shi ne a dafa duk kayan cikin da za a ba kare, a binne mushe da zurfi, a riƙa ba karen maganin tsutsa mai ɗauke da praziquantel a kan kari. Ɗanyen kifi ma, duk da arzikin kifin da muke da shi daga Argungu zuwa Yawuri, ya ce a dafa shi tukuna, domin wasu kifayen ruwan daɗi suna da wani sinadari da ke lalata bitamin B1 idan an ci su ɗanyu a kai a kai.

Tsadar buhu ba abin ɓoyewa ba ce, musamman na waje da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi tun da darajar naira ta faɗi a 2023, saboda haka na tambayi yiwuwar dafa mata a gida da shinkafar da muke nomawa. Bai hana ba, amma bai sauƙaƙa maganar ba. Ya ce shinkafa da nama kaɗai ba abinci ne cikakke ba, domin nama yana da fosfaras mai yawa da kalsiyam kaɗan, alhali jikin kare yana son kalsiyam ya ɗan ɗara fosfaras, rashin haka kuma yana raunana ƙashi, musamman ga kwikwiyo. Dole a ƙara garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka busar aka daka, da kabewa ko karas ko dankalin Hausa, da ɗan mai, da haɗin bitamin na karnuka, hanta kuma kada ta wuce kashi 5 cikin 100 saboda yawan bitamin A da ke cikinta yana cutarwa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun auna girke-girken gida guda 200 na abincin kare, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a kan aƙalla sinadari guda da jiki ke buƙata. Na zaɓi in tsaya a kan buhu a matsayin ginshiƙi, tare da ɗan ƙarin gida. Ruwa kuwa, kare yana buƙatar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo a yini, wato kusan lita guda ga tawa, amma a bazara da aiki abin yana ninkawa, saboda haka makiyayi yana fita da gorar ruwanta dabam. Cikin 'yan makonni ta fara cinye rabonta a tsaye, ta kai nauyin da aka nufa, gashinta ya yi sheƙi, kashinta ya daidaita.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen ajiya, kuma gazawar ta ci karo da shawarar da likitan kansa ke bayarwa. Suna fasa manyan buhuna suna sayarwa a mudu cikin leda ga wanda ba shi da kuɗin buhu guda, niyyar mai kyau ce, amma buhunan a buɗe suke kusa da ƙofa inda rana ke dukansu, babu ranar wa'adi a jikin ledar, babu ko sunan abincin. Man da ke jikin busasshen abinci yana lalacewa da zafi da iska, hancin kare kuma yana jin warin tun kafin namu ya ji, wannan ma yana cikin abubuwan da ke sa kare mai lafiya ya ƙi kwano. Na taɓa sayen irin wannan awo a lokacin da ƙananan buhuna suka ƙare, karyar ta ƙi shi sarai, da na sunsuna na ji man ya fara wari. Araha ba ta ado. Sun karɓa sun mayar mini da kuɗina ba gardama, amma da na koma daga baya buhun yana nan inda yake. Haka kuma kantar magungunan feshi da na wankan kaska tana dab da inda aka jera abincin, abin da bai kamata ba ko don wari, balle haɗarin zubewa.

Matsala ta biyu ita ce rashin tsayayyen kaya. Buhun da aka zaɓa wa karenka yau yana iya ƙarewa ya ɗauki lokaci bai dawo ba, sai a ce ka ɗauki wani, alhali an gama gaya maka illar sauya abinci farat ɗaya. Na uku shi ne idan likitan ba ya nan, yaran shagon ba su da masaniyar da za su maye gurbinsa. Suna da ladabi da saurin hidima, suna kai kaya har mota, amma amsarsu ga kowace tambaya ita ce a ɗauki mafi tsada, har na ji ɗayansu yana miƙa wa wani mai tsohon kare abincin kwikwiyo da sunan ya fi ƙarfi. Ba a rubuta sa'o'in zaman likitan a ƙofa ba, sai mutum ya ɗauko kare daga ƙauye cikin rana ya tarar ba ya nan. Takardar tsarin ciyarwar da ya rubuta mini kuma da Turanci ce, sai da na sake rubuta ta da Hausa kafin ta yi wa makiyayina amfani, alhali shafi guda na Hausa, da boko da ajami, da aka buga aka ajiye zai wadatar da yawancin masu zuwa.

Kuɗin ganin likitan kaɗan ne idan aka kwatanta da farashin buhu guda, kuma auna nauyi a ziyarce-ziyarcen baya ba a karɓi komai a kansa ba. Wanda zai je ya fara kira ya tabbatar likitan yana nan, ya tafi da sassafe kafin rana ta take, ya tafi da karen da wanda ke ciyar da shi, da buhun abincin da ake ba shi a halin yanzu ko hoton bayansa. Ya sayi buhu rufaffe wanda karen zai cinye cikin wata guda zuwa mako shida, ya bar abincin a cikin buhunsa na asali, ya sa buhun a cikin bokiti mai murfi a ɗaki mai sanyi, ya kuma koma sayen na gaba tun da sauran abincin kwana 10 a hannu, domin idan ya tarar wancan ya ƙare a samu abin da za a gauraya da sabon.